Wa Zai Fara Tsallaka Dokin Ƙofa

Baba ya ce ba zai taka sabon gidan ba sai kyanwa ta riga shi shiga. Yana zaune a kan akwatinsa a tsakiyar falona ya faɗi haka, ko hula bai cire ba. Ni kuwa na ɗauka maganar tsofaffi ce, za ta bi iska kafin ruwan shayi ya tafasa.

Sunansa Yefim Lukich, shekarunsa saba'in da bakwai, kuma in ka cire zamansa na soja bai taɓa kwana bakwai a jere a wajen ƙauyen Dubki ba. Bayan rasuwar Mama ya ci sanyi biyu shi kaɗai a can. A na biyun ya faɗi a bakin rijiya, ya kwanta cikin ƙanƙara har sai da mai motar burodi ya hango shi. Gida uku ne kawai ke tashin hayaƙi a ƙauyen yanzu, kuma da ƙanƙara ta sauka hanya ta rufe ke nan sai ta narke. Likita bai ɓoye mana komai ba, ya ce zuciyar nan ba za ta ƙara ɗaukar wani sanyin a can ba. Shi ya sa ni da ƙanena Rodion muka sama masa ɗaki ɗaya da kicin a benen da nake zaune a Vologda, shi a hawa na biyu, ni a na huɗu.

Na ce, "Baba, masu fenti sun shiga. Ni kaina na shiga ya fi sau ashirin."

Ya ce, "Ku ai ba zama za ku yi ba. Sabon gida yana cin wanda ya fara tsallaka dokin ƙofarsa da niyyar zama. Kakarki ta san haka, uwarki ta sani. Kyanwa ake sawa gaba ta ɗauke abin, inda ta kwanta kuma nan ake kafa gado."

Rodion ya ce to a aro ta wani a benen nan mana, minti biyar an gama. Baba ya dube shi irin duban da yake yi masa tun yana ɗan shekara shida, ya ce kyanwar aro ba ta ɗaukar wa kowa komai, sai ta gida. Ni mai saurin hawa ce, gadon Mama, amma ranar na haɗiye. Washegari na sa shi a mota muka nufi gidan ajiyar dabbobi da ke bayan gari.

Matar da ke kula da wurin sunanta Taisiya, siririya ce mai takalmin roba, duk hannunta zanen farce. Kafin ma mu gama gaisawa ta tambaye mu ko tarewa za mu yi. Da na ce e, sai fuskarta ta canza.

Ta ce, "Duk kaka haka ne. A zo da fara'a, a sa hannu a takarda, a jefa min kyanwa cikin sabon gida, bayan kwana uku a dawo da ita wai yaro yana atishawa."

Na rantse mata riƙewa za mu yi. Ta shigar da mu, kuliyoyi sun fi arba'in, wasu har hawa jikin mutum suke yi. Wani jan katon namiji ya rungume ƙafar Baba kamar ya ga ɗan'uwansa, na ce ga ta nan ta samu. Baba ya zare ƙafarsa ya wuce. Bai tsaya ba sai a kejin ƙarshe, can kusa da bango, inda ni ban ga komai ba sai wani kwali da idanu biyu a cikin duhunsa.

"Wannan fa?"

Taisiya ta ce, "Tisha ce. Wannan ba ta tarewa ba ce, Yefim Lukich. Sau biyu aka ɗauke ta don wannan aikin. Na farko da ta ƙi fitowa daga akwati suka zazzage ta a bakin ƙofa kamar dankali. Na biyu da ƙafa aka tura ta. Duka biyun sun dawo da ita don ta ɓuya ta ƙi cin abinci. Yanzu in ta ga ƙofa a buɗe sai ta sandare. Shekararta biyu da rabi a kejin nan."

Baba ya ce, "Ita nake so."

Sun ɗauki lokaci suna ja. Taisiya ta kafa sharuɗanta: a sa raga a tagogi, kada a bar ta fita waje, kada a kai ta ƙauye don karnuka za su gama da ita a yini ɗaya, kada kuma a taɓa ta sai ita ta zo da kanta. Sannan ta ce in aka dawo da ita karo na uku ba za ta ƙara nuna ta ga kowa ba, a kejin za ta tsufa, don ba kowane tsoro ne dabba ke tashi daga cikinsa ba. Baba ya sa hannu a takarda yana wani gyaɗa kai kamar mutumin kirki.

Sai da muka hau titi ya fito da abin da ke ransa. Akwatin kyanwar na kan cinyarsa, shiru kamar babu kowa a ciki.

"In ta shiga kafin ranar Pokrov, na zauna. In ba ta shiga ba, gidan bai karɓe ni ba. Rodion ya mayar da ni Dubki kafin hanya ta rufe, ke kuma ki mayar wa matar nan kayanta."

Pokrov bikin coci ne da ke zuwa daidai lokacin saukar ƙanƙarar farko, kuma kwana goma sha biyu ya rage. Na kusa taka burki a tsakiyar titi. Ashe tsohon nan ya zagaye kuliyoyi arba'in ne yana neman wadda ya tabbata ba za ta shiga ba.

Na ce, "Kifi na ganinka, mai jar koma."

Ya ce, "Ki dai dubi hanya, Zoya."

Ɗakin Baba da na maƙwabciyarsa Goggo Klava suna tarayya a wani ɗan soro mai ƙofar ƙarfe, tsawonsa taku huɗu. Nan muka ajiye akwatin, muka buɗe murfinsa, muka sa ruwa da abinci da kaskon yashi. Ƙofar sabon ɗakin aka bar ta a wangale, ɗakin fayau, don kayan Baba na jibge a garejin Rodion. Baba yana kwana a doguwar kujerar falona, da safe ya sauko da 'yar kujerarsa ya zauna gadi, wai kada wani ya yi masa maguɗi.

Kwana biyun farko cikin nishaɗi ya yi su. Yana cin miyar kabeji har da ƙari, yana tambayata ko Rodion ya canza tayoyin sanyi. Kyanwar kuwa ko hancinta ba mu gani ba. A rana ta uku na lura ƙarin da yake nema ya ragu. Da na sauko na tarar da shi ya zuba wa kwanon abincinta ido.

"Ba ta taɓa ba," ya ce. "Ko ruwan."

"To ina ruwanka? Ba haka kake so ba?"

"Na ce kada ta shiga, ban ce ta mutu ba. Kira min matar nan."

Taisiya ta ce masa ya daina kallonta, ya juya mata baya, ya riƙa magana a hankali har ta saba da muryarsa, kome zai faɗa. Baba ba mai surutu ba ne, shekara hamsin Mama ce ke yi musu magana su biyu. Sai ya ɗauko tsohon littafinsa na kiwon zuma ya juya fuska ga bango ya fara karatu. Da yamma kwanon ya ragu da ɗan kaɗan, ya hau har hawa na huɗu da shi a hannu don ya nuna min.

Goggo Klava kuwa ta samu abin yi. Bazawara ce mai shekara saba'in, ta yi aikin sayar da tikiti a motar haya, bakinta bai yi ritaya ba. Duk fitar da za ta yi sai ta raɓa ta gefensa da jakarta.

"Yefim Lukich, yau ma amaryar ba ta ba da fuska ba?"

"Mai kunya ce, Klavdiya Osipovna. Ba a saba ganin irinta a benen nan ba."

"Ni da a ce namiji ya yi min kwana biyar a soro yana karanta min zuma, da tuni na tare."

"Shi ya sa nake juya baya in kin fito."

Ta yi dariya har da tari. Washegari ita ce ta kawo hantar kaza a ɗan faranti, ta ajiye tana cewa ta yi mata yawa ne.

Ni fa ba dariya nake yi ba. Kullum da safe sai na duba sama ta taga in ga ko ƙanƙara ta kusa, in ƙirga kwanakin da yatsa. Na san Baba, in ya faɗi magana ko zai mutu sai ya cika ta, kuma wannan karon mutuwar ce da gaske ke jiransa a bakin rijiyar Dubki. Tsoro nake ji, kuma ni in tsoro ya kama ni fushi yake zama.

A rana ta bakwai, bayan abincin rana, Baba ya kishingiɗa a falona barci ya ɗauke shi. Na sauka a hankali. Na ce wa kaina taku ɗaya ne, in ta tsallaka ta tsallaka, wa zai san yadda aka yi? Na ɗaga akwatin na kai shi bakin ƙofa na karkata shi.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi yaƙushi ba. Ta kafa farcenta a jikin akwatin ta manne, jikinta na rawa har ina jin sa a hannuna. A ranar na fara ganinta sosai, 'yar ƙarama ce mai launin toka, kunne ɗaya a tsage. Na ƙara karkatawa. Sai na ji ɗumi a yatsuna, ashe fitsari ta saki don tsoro.

"Zoya, ajiye ta."

Yana tsaye a ƙofar soron da safa kawai a ƙafarsa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi min sauƙi. Na ajiye akwatin inda yake. Na fara cewa don shi na yi, don ransa, likita ya ce kaza da kaza.

Ya ce, "Na sani. Waɗancan ma da suka zazzage ta ai don alherin gidansu suka yi. Ni ma da kuka kwashe ni daga Dubki don alherina ne. Je ki kawo tsumma da ruwan ɗumi."

Na yi kuka a kan matakala, kukan kunya. Shekarata arba'in da takwas, ina ɗinka wa mutane kaya da haƙurin zare da allura, amma na kasa ba wa 'yar dabba mako ɗaya.

Abin da aka tara a kwana bakwai ya rushe. Tisha ta koma can ƙuryar akwati, kwana biyu ba ta ci ba. Baba ya daina hawowa cin abincin rana, sai dai in kai masa a soro. Ya dafa mata kifi da kansa, ya cire ƙayar da yatsunsa. Littafin zuma ya ƙare, sai ya koma ba ta labari. Wata rana na sauko da shayi na tsaya a bayan ƙofar ƙarfen, na ji yana gaya mata yadda Mama ke ɗaure itatuwan tuffa da tsumma kafin sanyi don kada zomaye su ci ɓawon, da yadda har yanzu yake ajiye kofi biyu da safe in ya manta. Ni 'yarsa bai taɓa gaya min wannan ba. Na jira shayin ya huce kafin na shiga.

A rana ta goma ta ci. A ta sha ɗaya Goggo Klava ta tare ni a matakala tana raɗa, wai in zo in gani ta kafar ƙofa. Tisha ta fito. Tana tafe cikinta na jan ƙasa, ta shinshina takalmin Baba, ta shinshina hannunsa da ya sake a gefen kujera, shi kuwa ya ƙame yana kallon bango kamar an dasa shi. Ta zagaya soron kaf. Amma da ta zo daidai buɗaɗɗiyar ƙofar nan sai ta manne da ɗaya bangon ta wuce da sauri. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ranar Pokrov muka tashi da ƙanƙarar fari, siririya, tana narkewa a kan motoci. Rodion ya iso ƙarfe tara da tayoyin sanyi a motarsa, fuskarsa a murtuke. Baba ya ci nasara. Ya ɗaure akwatinsa da igiya, ya sa babbar rigarsa ta ƙauye da hula. Muka sauka mu uku. Aikina shi ne in rufe kyanwa in mayar wa Taisiya.

Da muka buɗe ƙofar soron, Tisha na kwance a kan 'yar kujerar Baba. Da ta ga mu da yawa ta diro, amma ba akwatinta ta nufa ba. Bayan ƙafafun Baba ta shige ta lafe.

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Goggo Klava ta leƙo, ta ga akwati ɗaure da igiya, ta tsaya a bakin ƙofarta.

Baba ya ce, "Shekara nawa matar nan ta ce ta yi a keji?"

Na ce, "Biyu da rabi."

"Kuma kyanwa takan kai nawa?"

Rodion ya ce, "Sha biyar, wata ma ashirin. Baba, in kana so mu tafi da ita Dubki mana, wa zai sani?"

"In na sake faɗuwa a bakin rijiya, wa zai buɗe mata ƙofa?"

Baba ya miƙa wa Rodion akwatinsa. Ya cire hula, ya yi alamar gicciye, ya matsa bakin ƙofar ɗakin. Sai da ya ɗaga ƙafa Goggo Klava ta gane abin da zai yi, ta riƙo hannun rigarsa.

"Yefim Lukich, kanka ɗaya kuwa? Ka fi kowa sanin abin da ake cewa."

Ya ce, "Na sani, Klavdiya Osipovna. Sau biyu aka jefa ta ta ɗaukar wa mutane masifarsu, ko godiya ba a yi mata ba. Ta yi nata. In gidan nan lalle sai ya ci wani, ga tsoho nan."

Ya tsallaka. Ni ban yarda da waɗannan abubuwa ba, na yi makaranta, amma sai da gabana ya faɗi, don na san shi ya yarda da su har cikin ɓargonsa. Ya taka zuwa tsakiyar ɗakin, ya durƙusa da ƙyar ya zauna a kan dandamalin katako, ya juya wa ƙofa baya. Sannan ya fara magana a hankali, daga inda ya tsaya jiya, labarin shekarar da zuma ta gudu ta tare a cikin bututun hayaƙin coci.

Mu uku muka ja baya muka tsaya a kan matakala, muka bar ƙofar ƙarfen da 'yar kafa. Rodion na ta duban agogo har na take masa ƙafa. Tisha ta zauna a tsakiyar soron tana kallon bayan Baba. Ta matsa, ta dawo. Ta kai hancinta dokin ƙofar, ta ja da baya kamar wuta ce. Mun fi rabin awa a haka, ƙafafuna sun yi tsami, Goggo Klava na ta motsa baki ba sauti.

Sai ta ɗora ƙafa ɗaya a ciki. Ta tsaya, ba wanda ya tura ta. Ta ɗora ta biyu. Ba ta duba kicin ba, ba ta nemi lungu ba, ba ta je gindin bututun ɗumi inda kowace kyanwa mai hankali za ta je ba. Ta miƙe sak zuwa wurin Baba, ta hau gefen rigarsa da ya bazu a ƙasa, ta juya sau biyu ta kwanta. Baba bai daina labarin ba, bai kuma waiwaya ba.

Rodion ya share hanci da bayan hannu ya ce bari ya je ya kwaso kaya daga gareji. Ni na kira Taisiya, na kasa magana, har ta ɗauka dawo da ita za mu yi ta fara faɗa.

Da aka kawo gadon na nuna wa Rodion jikin bango, kusa da taga, inda kowa zai sa gado. Baba ya ce a'a, inda ta kwanta. Na ce Baba, tsakiyar ɗaki ne fa, mutum zai riƙa zagaye kamar a kasuwa. Ya ce shi ya karya al'ada ɗaya yau, ba zai karya biyu ba.

Sanyi uku ke nan yanzu. Tisha har yau in baƙo ya zo ƙarƙashin gado take shigewa, ni ma sai da na yi wata takwas ina juya mata baya kafin ta yarda ta shinshina yatsana, kuma ban ga laifinta ba. Gadon yana nan a tsakiyar ɗaki. Kullum da safe in na shigo da maganin Baba sai na buge ƙaurina a jikin ƙarfensa, in yi tsaki, su biyun su ɗago kai su dube ni.